Sarewa ta biyu: kuɗin adashin da na ƙona kafin in gane abin da ake dubawa

Daga nan Katsina ta Dikko ɗakin kara. Yau ma da kara za mu fara, amma ba karar da Katsinawa ke yi wa baƙo ba, karan dawa nake nufi. Ku ɗan yi haƙuri da ni, za ku ga inda na dosa.

Wata 'yar'uwa ce ta turo min saƙo. Ta ce ƙaninta ya shekara biyu da 'yan kai yana koyon busa sarewa, irin ta ƙarfen nan ta Turawa mai maɓallai. Yanzu mai koya masa ya ce wadda ke hannunsa ta yi masa kaɗan, a nemo masa wadda ta fi ta. Ta shiga intanet ta duba farashi, ta ce sai da ta ajiye wayar ta sha ruwa. Tambayarta ita ce: wai dole ne? In kuma dole ne, wacce za ta saya? Kuma me ya sa wannan ta ninka waccan kuɗi sau biyar, alhali a hoto duk kamarsu ɗaya?

'Yar'uwa, kin zo gidan. Ba don ni gwanin busa ba ne, ni ko fito mai daɗi ban iya ba. Kin zo gidan ne saboda na riga ki faɗawa wannan ramin, kuma da kuɗin adashina na wata goma na faɗa.

Mu da muka yi hutun makaranta a ƙauye wajen kakanni, mun san sarewa tun kafin mu san akwai ta ƙarfe. Da kaka, an gama yankan dawa, Fulani sun shigo da shanu gonaki, da yamma sai ka jiyo ta daga nesa, siririya, kamar iska ce ke magana. Yaro zai nemi kara mai kauri wanda bai tsage ba, ya ƙwaƙule totuwar ciki, ya huda ramuka huɗu, ya kafa ta a baki a ɗan karkace. Wasu da gora suke yi, yanzu ma har da bututun roba. Kuma ba ƙaramin kayan kiɗa ba ne a tarihinmu. Wani Bature, Anthony King, a nan Katsina ya yi bincikensa kan kiɗan Hausa, shi da abokin aikinsa David Ames da ya yi nasa a Zariya, suka fitar da littafi a 1971 kan kalmomin kiɗan Hausa, sarewa na ciki tare da su algaita da kakaki da muke ji ranar hawan Sallah.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne, ɗan Fulanin nan shi ma yana canza sarewa. In hannunsa ya girma, ko ya fara son murya mai zurfi, sai ya yanko kara mai tsawo. Zai yi biyar ya watsar da huɗu. Da me yake zaɓe? Da kunnensa da yatsunsa. Ban taɓa ganin wanda ya ɗaga kara ya ce wannan ya fi sheƙi ba. Ni kuwa, da digirina da wayata, sheƙi na saya.

Ga yadda abin ya faru. Ƙanina, autanmu, ya fara ne da 'yar sarewar robar nan ta 'yan firamare. Sai wata rana ya kalli tsohon fim ɗin Indiyan nan, Hero, na 1983, wanda Jackie Shroff ke yawo da sarewa. Shi bai san ba jarumin ne ke busawa ba, Hariprasad Chaurasia ne, ɗaya daga cikin manyan masu busa na Indiya. Tun daga ranar gidanmu bai sake samun shiru ba. Daga baya muka haɗa shi da wani dattijo can wajen Ƙofar Ƙaura, tsohon mai busa a bandin 'yan sanda da ya yi ritaya, kowa Baba Saje yake ce masa. Shi ya ba shi aron wata tsohuwar sarewar ƙarfe, duk ruwan jikinta ya goge a inda yatsu ke taɓawa.

Mahaifinmu bai so ba. Kun dai san yadda ake kallon busa a gidajenmu. Ya ce, "Maroƙi za ku mayar min da yaro?" Da ƙyar da lallami ya yarda, bisa sharaɗi: sakamakon makaranta kada ya sauka, in an kira sallah a ajiye, kuma ba busa da dare. Ni na tsaya wa yaron. Saboda haka duk abin da ya lalace a wannan harka, a wuyana yake.

Bayan kamar shekara biyu, yaro ya fara ƙorafi. "Yaya, sautukan ƙasa ba sa fita, sai na matse da ƙarfi." Ni kuma na dubi sarewar, tsohuwa, ta dusashe, na yanke hukunci a raina cewa ta gama aiki. Ban tambayi Baba Saje ba, so nake in ba su mamaki. Na ɗauki adashina, na shiga wani shafi, na ga wata tana walƙiya, an rubuta azurfa zalla, ramuka 17, ga sunan wani babban kamfani an zana a jikinta, kuɗinta kuma bai kai kashi ɗaya cikin biyar na farashin da na gani a wasu wuraren ba. Na ce Allah ya kashe ya ba ni. Na tura kuɗi, aka sako ta a mota, na je tasha na karɓo.

A watan Oktoba ta iso. Kafin hunturu ya raba tsakiya, ta fi tsohuwar lalacewa. Muka kwasa muka tafi wajen Baba Saje. Ya juya ta, ya sa babban yatsa ya ɗan danna wani maɓalli, sai ga ƙarfen ya lanƙwashe kamar cokalin roba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa." Sunan da ke jiki na jabu ne, azurfar kuwa ko ƙwayar zarra babu.

Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne abin da ya biyo baya. Ya ce a miƙo masa tsohuwar. Ya shiga ɗaki ya fito da tsohon kaset, ya yanko ɗan zaren kaset ɗin kamar tsawon yatsa. Ya ɗaga maɓalli, ya sa zaren a ƙarƙashi, ya rufe a hankali, ya ja. In maɓallin ya rufe da kyau, zaren zai ɗan riƙe. In ya zare salin-alin, to iska na fita ta nan. Haka ya zagaye kowane maɓalli ta kusurwa huɗu. Guda biyu kacal ke yoyo. Biyu! Aka gyara, sarewar ta dawo, yaro ya ƙara shekara guda cur da ita.

To 'yar'uwa, ga abu na farko, kuma in kin tsaya a nan ma kin ci riba: kafin a ce sarewa ta yi wa yaro kaɗan, a tabbatar ba ciwo take yi ba.

Bari in ɗan buɗe muku cikinta don ku gane dalili. Sarewar ƙarfen da muke gani yau, wani Bajamushe ne mai suna Theobald Boehm ya tsara ta a birnin Munich, a 1847. Mai busa ne, kuma maƙerin fari ne, ɗan maƙerin zinariya. Matsalar da ya gani ita ce, in kana son sauti ya fita daidai kuma da ƙarfi, ramukan sai sun zama manya, kuma a wuraren da yatsun mutum ba za su kai ba. Sai ya huda ramukan inda lissafi ya ce, ya ƙera maɓallai su riƙa rufe su a madadin yatsa. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ɗan matashi mai laushi, an lulluɓe shi da wata fata siririya kamar bawon albasa. Wannan ɗan matashin shi ne ran sarewar. In ɗaya ya bar ƙofa ko da kaurin gashi ne, duk sautukan da ke ƙasa da shi sun raunana. Shi ya sa ciwon kan fara bayyana a sautukan ƙasa, kamar yadda ƙanina ya yi ta kuka da shi.

Gida uku gare ta: kai, inda ake sa leɓe, gangar jiki, inda mafi yawan maɓallai suke, sai ƙafa, 'yar guntuwar ƙarshe. Tana ba da hawa uku na sauti, wato daga do zuwa do na sama sau uku.

Yaushe ne ke nan yaro ya girme ta da gaske? Mu mun gani da idonmu bayan waccan shekarar. Sarewa lafiya lau, babu yoyo, amma in ya hau hawa na uku sautin sai ya zama tsawa, babu yadda zai yi ya tausasa shi. In ya so ya busa a hankali kamar raɗa, sautin ya mutu. In ya so ya buɗe murya, ta tsaya a wuri ɗaya kamar motar da aka ɗaure wa totur. Yatsunsa kuma sun fara riga maɓallan gudu. Baba Saje ya miƙa masa tasa ta ƙashin kansa ya ce ya maimaita abin da ya busa. Ni da ban san komai ba na ji bambancin daga bakin ƙofa. Wannan ita ce alamar. In an ba yaro mai tsada ya busa, kuka ji sautinsa bai canza ba, to ba sarewa ce ta tare shi ba, atisaye ne bai isa ba, ku riƙe kuɗinku.

Yanzu mu zo kan azurfa, don nan ne kuɗi ke tafiya, nan ne kuma aka fi yi wa mutane wayo.

Sarewar 'yan koyo, da wani farin ƙarfe ake yin ta, haɗin tagulla da nikel, sannan a yi mata ruwan azurfa a sama. 'Yan'uwa mata kun fi mu sanin bambancin gwal da ruwan gwal, to haka abin yake. Ta mataki na gaba, yawanci kan ne ake yi da azurfa ta gaske, za ku ga an buga lamba 925 a jiki, irin wadda ke cikin zoben azurfa, ma'ana kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce. Misali a wajen Yamaha, jerin 200 na 'yan koyo ne, jerin 300 kai ne azurfa, jerin 400 kai da jiki da ƙafa duk azurfa. Su Pearl da Jupiter da Trevor James su ma suna da irin wannan tsani. Sabuwa dal ta matakin tsakiya, kuɗinta kan kai na sabon babur, wani sa'in ya wuce.

Tambayar ita ce, azurfar ce ke kawo daɗin sauti? Masu sayarwa za su rantse miki cewa ita ce. Amma an gwada. A 1971 wani masanin kimiyya a Amurka, John Coltman, wanda shi ma mai busa ne, ya ƙera sarewa uku masu awo ɗaya, ɗaya da azurfa, ɗaya da jan ƙarfe, ɗaya da katako. Masu sauraro suka kasa bambance su, har masu busawar ma suka kasa in ba su ga abin da ke hannunsu ba. Shekaru talatin bayan haka, a birnin Vienna, aka sake gwadawa da sarewa bakwai na kamfani ɗaya, daga mai ruwan azurfa har zuwa zinariya, ƙwararru suka busa, nan ma kunne bai iya ware su yadda ake zato ba. Dalili kuwa, a sarewa ba ƙarfen ne ke kaɗawa kamar fatar kalangu ba, iskar da ke cikin bututun ce ke rawa.

To me ya sa mai kan azurfa ta kan fi daɗi? Don gaskiya sau da yawa ta fi. Sirrin yana ɗan ramin nan da ake hurawa. Yadda aka yanke bakinsa, kaifin gefen da iska ke bugawa, zurfinsa, yadda aka ɗan fafe cikinsa, nan muryar sarewa take. Kamfani ba zai sa ƙwararren ma'aikaci ya zauna yana gyaran ramin mai araha da hannu ba, a kan mai tsada yake kashe wannan lokacin. Ashe aikin hannu kike saye, azurfar rakiya ta yi. Ba na ce ba ta da amfani ba: ba ta gogewa kamar ruwan sama, in ta lotsa ta fi sauƙin gyara, kuma akwai masu leɓen da nikel ke sa wa ƙaiƙayi in ruwan ya goge. Amma a ra'ayina, in kuɗi ya yi kai na azurfa, ya isa. Ƙarin kuɗin jiki da ƙafa, gara a ajiye shi don gyara.

Sai maganar maɓallai masu huda. Wannan na daɗe a kai, don ya shafe mu fiye da yadda Turawan da ke rubutu a kai suke zato. A sarewar mataki na gaba, maɓallai biyar suna da rami a tsakiya, yatsa ne ke rufe shi. A can ana cewa yana gyara riƙon hannu, don in yatsa ya karkace sauti ba zai fita ba. Gaskiya ne. Amma mu ga inda ya fi yi mana amfani: kunnenmu ya saba da sautin da ke zamewa daga wannan zuwa wancan, ba tsalle ba. Ku saurari mai algaita, ku saurari mai goge, ku saurari waƙar Indiya. Maɓalli rufaffe ko dai a buɗe yake ko a rufe, babu tsakiya. Mai huda kuwa, yaro zai iya jan yatsa a hankali ya buɗe rabin ramin, sautin ya sulale kamar yadda ɗan Fulani ke yi a karansa. In yaronki irin waɗannan waƙoƙin yake so, mai huda ta cancanci kuɗinta. Kuma kada ya ji tsoro, tana zuwa da 'yan toshe na roba, a toshe duka biyar, ya riƙa cire ɗaya-ɗaya yadda hannunsa ya saba.

Akwai maɓallin G, wanda yatsan zobe na hannun hagu ke dannawa. A wasu yana kan layi ɗaya da sauran, a wasu an ɗan turo shi gefe. Da can ana ganin na kan layi shi ne na manya. Babu bambancin sauti. Wanda aka turo gefe ya fi sauƙi a hannu, musamman ga mai gajerun yatsu, shi za ki ɗauka. Akwai kuma wani ɗan ƙarin ƙarfe da ke taimaka wa sautin E na hawa na uku, wanda ya yi ƙaurin suna wajen fashewa. In yana ciki, madalla. In babu, ba abin fasa ciniki ba ne.

Ramuka 16 da ramuka 17 da kike gani a talla kuwa, maganar ƙafa ce. Mai 17 ƙafarta ta ɗan fi tsawo, tana ƙara sauti ɗaya tak a can ƙasa, wato B. Sauti ɗaya. Ga ƙarin nauyi, ga ƙarin matashin da zai iya yoyo. Wanda zai zauna a babbar ƙungiyar makaɗa ta Turawa yana buƙatarsa wani lokaci. Ƙanina a shekara uku bai taɓa neman sa ba. Ni kuwa wannan lamba 17 tana cikin abin da ya ruɗe ni, na ɗauka ramuka da yawa shi ne inganci, kamar megafiksel a waya.

Yanzu ga abin da babu mai gaya miki a bidiyon 'yan ƙasar waje, don su ba su san hunturun Katsina ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskarmu bushewa take yi ƙarau, leɓe ma tsagewa yake balle fatar da ta kai bawon albasa siranta. Matashin nan yana sha danshin numfashi, ya bushe, ya sake sha, ya sake bushewa, har ya motse ko ya tsage. Ƙura kuma tana shiga cikin sandunan da maɓallai ke juyawa a kai, tana ci kamar yashi. Ko sarewar miliyan nawa ce, sai ta nemi mai gyara, masana ma cewa suke a kai ta duba kamar sau ɗaya a shekara. Saboda haka kafin ki tambayi wacce zan saya, ki tambayi wa zai gyara min. Mu sai da muka riƙa aika tamu Kaduna. Ki nemo mai gyaran tukuna, ta hanyar malamin yaron ko 'yan bandi, ki tambaye shi waɗanne kamfanoni yake da kayansu, waɗanne ne in an kawo masa yake mayarwa. Masu launin ja da shuɗi da ruwan hoda ɗin nan masu arahar banza, masu gyara da yawa ba sa ma karɓa, don ƙarfen ya yi laushi, ka saita yau gobe ya koma.

Zafi ma yana da nasa. In iska ta yi zafi, sautin sarewa hawa yake yi. Da yawa daga cikin sarewun zamani an ƙera su a kan awon 442, fiyanon situdiyo kuma yawanci a kan 440 take. Ki haɗa wannan da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, sai yaro ya shiga ɗaukar waƙa a ce masa ya yi sama. Maganinsa a ɗan zaro kan waje kaɗan. Amma in sai an zaro shi da yawa kafin ya daidaita, sauran sautukan sai su saɓa wa juna. Don haka ranar gwaji a sauke manhajar auna sauti a waya, kyauta ce, a gwada kowane hawa. A kuma duba toshiyar da ke cikin kan: tsinken goge ciki yana da ɗan layi a gindinsa, in an zura shi, layin ya kamata ya tsaya daidai tsakiyar ramin busa. In ya kauce, toshiyar ta motsa, ita ma bushewa ke sa ta saki.

Af, kafin in manta. Yaro ya kuskure baki kafin ya busa. Shayi, zoɓo, kunun aya, duk sukarin nan a kan matashin yake sauka, sai ka ji maɓalli na ɗan manne yana ƙara. A goge ciki bayan kowane busa, a mayar cikin akwati, kada a bar ta cikin mota a rana. Kuma don Allah kada a sa mata toka ko man goge ƙarfe. Wata ƙanwarmu ta so ta taimaka, Allah ya sa an gan ta da wuri.

Akwai kuma wata tambaya da ya kamata a yi wa yaron kansa: ina ka dosa da busan nan? Don mai yiwuwa sarewarsa ta biyu ba ta ƙarfe ba ce ma sam. Mafi yawan sarewar da kuke ji a waƙoƙin fina-finanmu, fiyano ce ke kwaikwayonta. Yaron da zai shiga situdiyo da numfashi na gaske, ya ba da wannan sautin mai ɗan huci, yana da abin da na'ura ba ta da shi. Kuma wannan sautin na gora ne. Ta Indiyawa, bansuri, ramuka shida ko bakwai gare ta, ba maɓalli, ba matashi, ba abin da zai yi yoyo, kuɗinta kuma bai kama ƙafar ta azurfa ba. Sai dai kowace ɗaya da muryarta, mai aikin situdiyo sai ya tara da dama, manyan kuma suna son dogayen yatsu. Gora kuma hunturu na tsaga ta, shi ya sa ake naɗe ta da zare a wurare. Nan maƙwabtanmu Nijar, Yacouba Moumouni na ƙungiyar Mamar Kassey, da sarewar gargajiya ya zagaya ƙasashen duniya. In kuma yaro bandi ya nufa, na makaranta ko na 'yan sanda ko na soja, ko karatun kiɗa a rubuce, to ta ƙarfen ce hanyarsa.

Mu da muka tashi saye na biyu, ban sake yin gaban kaina ba. Na sake zubin adashi, muka shiga mota mu uku, ni da yaron da Baba Saje, muka tafi Kaduna wajen mai gyaran nan, don ya ce akwai na hannu guda biyu da masu su ke son sayarwa, ga kuma wata sabuwa. Ta hannu ta kamfanin kirki, in an duba ta an canza matasan da suka gaji, ta fi sabuwar da ba a san asalinta ba nesa ba kusa ba. Aka duba lambar da ke jikin kowace, aka duba rubutun sunan ko ya fita tsaf, aka bi su da zaren kaset. Sannan Baba Saje ya ciro hularsa ya ce yaro ya juya baya ya rufe ido. Yana miƙa masa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya faɗi wacce ba ce. Kowace sai ya busa dogon sauti a can ƙasa, ya hau sama a hankali, ya yi raɗa, ya buɗe murya, sannan ya busa waƙar da ya fi sani. Ni aka tura ni can bakin ƙofa in saurara daga nesa, wai abin da mai busa ke ji a kunnensa daban yake da abin da ke isa wajen jama'a.

Sau uku ana jujjuya su, sau uku yana komawa kan guda ɗaya. "Yaya, wannan ba na faɗa da ita." Da ya buɗe ido sai ga shi ta hannu ce, mai ɗan tabo a ƙafa, kuma ita ce ta tsakiya a kuɗi. Kan azurfa, maɓallai masu huda, G a gefe, gajeruwar ƙafa. Sabuwar da ni na ƙyalla wa ido tun shigowarmu, ko sau ɗaya bai zaɓe ta ba. Canjin da ya rage na bar shi a hannun Baba Saje, kuɗin dubawa na shekara mai zuwa.

Yanzu ya cire toshe uku cikin biyar, na yatsun zobe ne suka rage, su ne ke ba shi wuya. Tsohuwar ta aro mun mayar wa mai ita, har ya ba wani yaron. Ta jabun kuwa tana saman durowata, mahaifinmu in ya shigo ɗakin sai ya dube ta ya dube ni, bai taɓa cewa komai ba, ni ma ban taɓa ba.

Don haka 'yar'uwa, wannan makon kada ki tura wa kowa ko sisi. Ki nemo tsohon kaset, ko siririyar takarda, ki kai sarewar yaron wajen malaminsa ku bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Ki roƙe shi ya ba yaron tasa ya busa minti biyar kina tsaye a bakin ƙofa. Abin da kika ji, ki turo min, sai mu ɗora daga nan.